Yadda Lyle Haskew Ya Samu Kwanarsa

A kulob ɗin masu tseren mota na Dry Fork, can yammacin Texas, kowace kwana a filin tseren tana da sunan mutum. Al'adar wurin ce tun kafuwarsa. Duk ranar da aka buɗe sabuwar kwana, a ranar kaɗai, mambobi za su zagaya filin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa sauri sai a kafa masa allon ƙarfe a bakin kwanar, a rubuta sunansa, da motar da ta kawo shi, da lokacin da ya ci. Allon in ya hau ya hau ke nan, ba a sauke shi ko mai sunan ya mutu.

Lyle Haskew yana da gida a bakin filin kamar kowa, gareji a ƙasa, ɗakuna a sama, baranda tana kallon kwalta. Yana da kamfanin kashe gara da kyankyaso, fuskarsa tana jikin kowace motar kamfanin tana yaƙe haƙora. Yana da tumbi, yana da murya, yana da hular kaboyi da ba ta taɓa ganin saniya ba. Abu ɗaya ne ba shi da shi, allo. Kuma da ya leƙo daga barandarsa, allon da idonsa ke fara sauka a kai na maƙwabciyarsa ne, Dakta Opal Whitlock, likitar haƙori da ta ajiye aiki, tsohuwa siririya mai baki kamar reza, wadda take zagaya filin a wata tsohuwar jar mota mai ƙarar keken ɗinki ta bar samari a baya.

Da shugaban kulob, Alƙali Anselmo Villareal, wanda ya yi ritaya amma bai daina yanke hukunci ba, ya sanar cewa za a buɗe sabuwar kwana da bazara, sai Lyle ya sa aka gasa ƙirjin shanu guda huɗu, ya tara jama'a. Ya jira bakin kowa ya cika kafin ya miƙe.

"Likita, ki ƙare wa allonki kallo," ya ce. "Na gaba nawa ne."

"Da wace mota, maƙwabci? Ta feshin kyankyaso?"

Dama abin da yake jira ke nan. Ya ce ya sayi motar da tawagar tsere ta Ardwick-Lowe ta Ingila take ƙerawa, wadda guda ashirin da biyar kacal za a yi a duk duniya, daga nan a fasa tukunyar, ba ƙari. Ya ce inji biyu gare ta, na fetur da na lantarki, in ɗaya ya ja ɗaya ya tura. Ya ce ba a ba ta lamba, ba ta hawa titin gwamnati, domin titin gwamnati ya yi mata kaɗan. Ya ce ba kuɗi ke sayenta ba, sai tawagar ta zaunar da mutum ta auna ko ya isa. Ya ce ranar da zai tayar da ita kowa ya ɗaure karensa ya buɗe tagoginsa, domin gilashi ba zai jure ba.

Abin da bai faɗa ba shi ne yadda ya ci jarrabawar. Ya gaya wa Turawan Ingila cewa ya yi tsere a Meziko yana saurayi, sai dai kofunan sun ƙone a gobara. Su kuma wani mai saye ne ya janye, suna neman wanda zai cike gurbi. A bakin Lyle labarin ya koma cewa har gida suka biyo shi suna roƙo.

Matarsa Corinne tana gefe tana yanka albasa. Ta ji kofunan Meziko sau da yawa, kuma kullum yawansu ƙaruwa yake yi.

To, motar ba ta da kujera irin ta kowa. Sai mai ita ya je Ingila da kansa, a zaunar da shi a kan wata ƙatuwar leda a cikin motar, a zuba kumfa mai daskarewa, ta bi jikinsa lungu da saƙo har ta bushe. Daga wannan ake fitar da kujerar, ta mutum ɗaya ce tak a duniya. Lyle ya duba hotunan direbobin tawagar, duk sirara kamar karan dawa, ya duba madubi. Ya tuna Opal za ta leƙa cikin motar ta ga faɗin kujerar. Daga ranar ya daina cin abinci. Wata biyu yana shan ruwan dafaffen kabeji, yana zagin ma'aikatansa, yana mafarkin nama. Ya rame har kumatunsa suka zube. Bai tsaya nan ba, ya sayi ɗamarar matse tumbi, ya sa Corinne ta taka gadon bayansa ta ja igiyar a ɗakin otal ɗinsu a Ingila.

Injiniyar da aka ba wa motarsa, Fenella Crewe, mace ce mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta ce ya zauna yadda yake zama kullum, ya saki jiki. Lyle ya haɗiye ciki, ya ɗaga ƙirji, ya riƙe numfashi, kumfa tana hawa.

"Malam Haskew, lafiya? Fuskarka ta koma shuɗiya."

"Haka take yi in ina nazari."

Ta dube shi, ta dubi kumfar, ta ce to. Kumfa ta bushe da ƙugun wani mutum da bai taɓa rayuwa ba.

Da ya dawo, daga filin jirgi bai zarce gida ba, gidan gasa nama ya nufa. Ya rama wata biyu a zama ɗaya, sa'an nan ya ci gaba da ramuwa har sanyi ya shigo ya fita. Kowane ƙarshen mako akwai walima a garejinsa, akwai nama, akwai wake, akwai waina mai zuma, akwai kuma jawabi. Gudun motar yana ƙaruwa da kowane jawabi. Alƙali Villareal ya taɓa lura cewa in aka ci gaba a haka, kafin bazara motar za ta riga kanta isowa. Corinne ta nuna masa cewa ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa, ya ce fatar zamani ce ba ta da kirki, tsukewa take yi.

Motar ta iso saura mako guda, a cikin rufaffiyar tirela, da Fenella da makanikai da akwatuna. Jama'a suka taru. Aka zuro ta a hankali, baƙa wul, a kwance da ƙasa kamar kunama, da fiffike a baya da wata 'yar fitila kore a saman rufinta. Gaskiya kowa ya saki baki yana kallo, har Opal. Lyle ya miƙa hannu a ba shi mabuɗi. Fenella ta ce ba ta da mabuɗi, da kwamfuta ake tayar da ita, bayan an ɗumama mata mai. Ta ƙara da cewa al'adar tawagar ce sabon mai mota ya yi kwanaki yana koyo, malami yana gaba shi yana binsa a baya, an rage wa motar ƙarfi.

Lyle ya ɗaga kai ya dubi barandar Opal. Ya ga kujerarta, ya ga madubin hangen nesanta a kan teburi. A koya masa tuƙi a gaban wannan matar? Ranar farko ya ce yana da taron kamfani. Rana ta biyu gara ta ci wani coci, sai shi da kansa. Rana ta uku ya ce zaki ba ya gwada farauta a gaban karnuka. Ya sa aka lulluɓe motar.

Sau ɗaya ya gwada shiga, da sassafe, ba kowa a garejin. Ƙafafu suka shiga, cinyoyi suka shiga da ƙyar, sauran ya tsaya a bakin ƙofa kamar buhu a bakin tulu. Ya fito yana haki, ya yanke hukunci cewa sanyin jirgi ne ya tsuke kumfar, zafin Texas zai buɗa ta. Don ƙarin tsaro, daren jajibiri bai ci tuwon dankali ba, naman kawai ya ci. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai gaya wa Lyle?

Ranar buɗe kwana gari ya waye tas. Mambobi suka jera motocinsu, iyalai suka cika baranda, aka kunna babban agogon da ke saman layin farawa, wanda yake soma ƙirga da mutum ya ƙetare farin layi, ba ya tsayawa sai ya sake ƙetare shi. Aka zo jefa ƙuri'ar wanda zai fara, Lyle ya ce ba sai an wahala ba, shi zai fara, don sauran su ga lokacinsa su huta da ƙona mai. Alƙali ya dubi jama'a, jama'a suka ce a bar shi. Kowa yana son ya ji wannan ƙarar da aka yi wata shida ana yi musu alkawari.

Makanikai sun naɗe tayoyin da barguna masu lantarki, domin tayar irin wannan mota sumul take, ba ta kama ƙasa sai da zafi. Lyle ya fito da mai ɗaukar hoto, ya ga barguna, ransa ya ɓaci.

"Mota ce ko jaririya? A cire. A Texas muke."

Fenella ta ce in zai tashi yanzu-yanzu, ba laifi. Aka cire. Aka ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, da hula, ba hula. Sa'an nan aka zo shiga.

Rigar tseren ma sai da Corinne ta kama zif ɗin da filaya. Ya zura ƙafafu, ya sauka, ya tsaya inda ya tsaya rannan. Zafin Texas bai buɗa komai ba. Ya ce wa makanikai su ɗan taimaka, sabuwar kujera ce. Biyu suka danna kafaɗunsa. Bai motsa ba. Na uku ya hau. Corinne ta koma gida, ta dawo da man feshin kasko, ta fesa masa a kwiɓi hagu da dama kamar za ta soya ƙwai. Opal ta sauko daga motarta, ta cire hular kwano, ta zagaya su tana duba aikin.

"Na yi shekara arba'in ina cusa abu a ramin da bai kai shi ba," ta ce, "amma ni nakan sa allurar kashe zafi tukuna."

"Ki matsa, Likita, ƙura za ta same ki."

Aka ƙirga, aka danna gaba ɗaya. Ya faɗa ciki da wata ƙara kamar an toshe kwalba. Kujerar ta kama shi ta ko'ina, ƙugu, haƙarƙari, kafaɗa. Tumbin da ya rasa wurin zama ya hau sama ya tokare masa haɓa. Numfashinsa ya koma rabi, muryarsa ta koma ta ɗan akuya.

Fenella ta durƙusa ta tambaye shi ko zai iya fita da kansa, domin doka ce. Ya ce kamar tsuntsu. Ta ce ya gwada ta gani. Ya ce ba shi da lokacin wasan yara, ga Alƙali can ya ɗaga tuta. Ta ce tayoyin sun huce tuntuni, ya bi kwanonin farko a hankali. Ta nuna masa wani ɗan maɓalli mai juyawa a kan sitiyari, ta ce ta ajiye shi a mafi ƙanƙanta, kada ya taɓa. Ya ɗaga mata babban yatsa, shi kaɗai ne gaɓar da ke motsi da daɗi.

A baranda aka toshe kunnuwa. Wata ta rungume karenta. Wani ya buɗe tagoginsa kamar yadda aka umarta. Tuta ta sauka.

Motar ta zame gaba tana wani ɗan kuka siriri, zuuu, kamar sauro a cikin kofi. Haka take tashi, da lantarki zalla, injin fetur ba ya farkawa sai ta ɗan miƙa. Da Lyle ya je koyo da ya sani. Jama'a suka sauke hannu daga kunne ɗaya bayan ɗaya. Karen ya yi hamma. Sai muryar Opal ta ratsa filin.

"Alƙali, wa ya bar firji a buɗe?"

Dariya ta ɓarke daga baranda zuwa baranda. Lyle bai ji maganar ba, amma ya ga bakuna a madubi, ya ga wani ya riƙe ciki. Wata shida na jawabi suka taso masa a wuya. Yana ƙetare farin layi, agogo ya soma ƙirga, ya kama maɓallin nan ya murɗa shi har ƙarshe, ya take totur iya ƙarfinsa.

To, ƙarar dai an same ta. Injin ya farka kamar aradu ta faɗi a cikin gwangwani, lantarki ya tura, tayoyi masu sanyi suka ce ba da su ba. Motar ta juya ta kalli inda ta fito, ta sake juyawa ta kalli baranda, ta sake juyawa, kamar mai gaida jama'a ta kowane ɓangare. Daga nan ta bi da baya cikin tsakuwa, ta tokari tarin tsofaffin tayoyin da ke bakin shinge, ta mutu. In an jefa dutse daga layin farawa zai wuce ta. Ƙura ta lafa. Sai fitilar da ke saman rufin ta bar kore ta koma ja.

Mutane suka ruga, Fenella ta riga su, ta buɗe hannuwa ta tare hanya. Karo na farko ke nan da aka ji ta ɗaga murya. Ta ce kada wanda ya taɓa motar ko da ɗan yatsa. Jan fitila yana nufin batir ya bugu, wuta tana iya bin jikin motar, wanda ya dafa ta ƙafarsa tana ƙasa ya gama yawo. Kowa ya ja da baya da sauri fiye da yadda ya zo.

Ta yi wa Lyle magana ta rediyon hularsa, kuma rediyon yana haɗe da lasifikar filin, don haka kowa ya ji. Ta ce ya buɗe ƙofa, ya kwance bel, ya miƙe tsaye a kan kujera, ya yi tsalle waje da ƙafa biyu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci ɗaya.

Ƙofa ta ɗaga sama. Bel ya kwance. Aka jira.

"Malam Haskew, ka fito."

"Ina zuwa. Ina duba wasu abubuwa."

"Me kake dubawa?"

"Motarku tana ja hagu. Zan rubuta wa shugabanku."

Aka ga hular kwano tana rawa, aka ga hannuwa sun kama bakin ƙofa, aka ji nishi ta lasifika, irin wanda bai kamata yara su ji ba. Babu abin da ya ɗaga. Rana ta take. Maƙwabta suka ɗauko kujerun naɗewa da shayi mai ƙanƙara suka zauna a bayan igiyar da aka ja. Agogo yana sama yana aikinsa, ba wanda ya tuna da shi.

Har zuwa nan abin nishaɗi ne. Sai Alƙali ya tambayi Fenella yaushe za a janye motar sauran mutane su hau. Ta ce ba a janye ta sai batir ya huce ya zubar da wutarsa, kuma ba za a bar motoci suna wucewa da gudu kusa da ita ba. Zuwa yaushe? Zuwa magariba. Kowa a Dry Fork ya san dokar gunduma, da rana ta faɗi ake rufe filin saboda ƙara. Mutanen da suka yi watanni suna gyara mota, suka sayi sababbin tayoyi, suka gayyato surukai daga Dallas, suka juyo suka dubi hular kwanon nan da wani irin ido. Opal ta cire safar hannunta yatsa-yatsa.

"Shekarata saba'in da ɗaya," ta ce. "Ban san ko zan ga wata sabuwar kwana ba. Ku ciro min shi, ina son in ga fuskarsa."

Makanikai suka shimfiɗa tabarmar roba, suka sa safar roba har gwiwar hannu, suka ɗauko wata doguwar sanda mai ƙugiya wadda wuta ba ta bi. Aka saƙala ƙugiyar a maɗaurin kafaɗar rigarsa, aka ja. Lyle ya ce a yi a hankali, rigar ta fi albashinsu. Aka ƙara ja. Da aka ga makanikai sun gaza, aka ɗaura igiya a gindin sandar, aka nemi masu taimako. Ba a taɓa ganin mambobin Dry Fork sun haɗa kai haka ba. Lauyoyi, dillalan filaye, mai gidan jana'iza, duk suka kama, Opal tana ba da umarni, Alƙali yana riƙe da hulunan mutane.

A ja na uku wani abu ya ce ƙaras. Lyle bai rabu da kujera ba. Kujerar ce ta rabu da mota.

Ya fito tsaye a bakin ƙofa, a lanƙwashe yadda ake zama, baƙar kujera manne a bayansa daga wuya har cinya. Fenella ta ce tsalle, ƙafa biyu. Ya yi tsallen. Ya dira a tabarma, nauyin baya ya rinjaye shi, ya tafi rigingine cikin tsakuwa, hannuwa da ƙafafu suna iyo a sama kamar kunkurun da yara suka kifar. Ya yi lilo gaba da baya kafin ya tsaya.

Yanzu kowa yana ganin kujerar daga waje, da ɗan siririn ƙugunta kamar na zanzaro, da naman Lyle yana tumbatsa ta kowane gefe kamar ƙullun da ya kwana. Opal ta sunkuya ta ƙare mata kallo.

"Corinne, wannan kujerar ta wa ce? Kina da wani mijin ne a Ingila?"

"Na gan shi sau ɗaya a otal," in ji Corinne. "Bai daɗe ba."

Ma'aikatan motar asibiti suka gwada ɓamɓarewa, Lyle ya yi ƙara, suka ce sai an kai shi ɗakin jinya an yanka da zarto. Ba ya kwantuwa ta baya, don haka aka kifa shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, kujera tana kallon sama, aka tura. Ɗakin jinya yana nan baya kaɗan da layin farawa, ana hango ƙofarsa. Amma a Dry Fork ba a bin filin ta baya, ko wane ne, ko don me. Wannan ita ce doka ta farko da ake karanta wa sabon mamba. Sai motar asibiti ta miƙa gaba, ta bi filin kaf, a hankali don kada majinyaci ya gangaro. Ta bi kwanar Opal, ta hau tudu, ta sauka, ta shiga sabuwar kwana mai sheƙin kwalta, wadda taya ba ta taɓa takawa ba sai nata. Ta zagayo ta ƙetare farin layi. Agogon sama ya yi ƙara ɗaya ya tsaya.

Da yamma aka taru a zauren kulob, ba mai fara'a. Lyle ya shigo an yanke masa kujera, yana tafiya kamar wanda ya sauka daga raƙumi, ya tsaya a jikin bango domin zama ya gagara. Tun kafin a tambaye shi ya soma bayani, cewa Turawa sun aiko masa da motar da ba a gama ba, cewa wani direban da ba shi ba da yanzu ana makoki.

Alƙali ya buga cokali a kofi. Ya ce abin takaici ne, rana ta wuce ba wanda ya zagaya, al'ada kuma ba ta san gobe ba, don haka kwanar za ta zauna ba suna. Opal ta ɗaga hannu.

"Mai shari'a, a gafarce ni. Akwai wanda ya zagaya."

Ta ce mamba ya ƙetare layi da safe a gaban kowa, mamban nan ya bi kowace kwana, ya dawo ya ƙetare layi, agogo ya shaida. Ba wanda ya fi shi sauri yau, tunda ba wanda ya bi bayansa. Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce maganar Likita tana kan hanya, ya tambaya ko akwai mai ja. Hannu ko ɗaya bai tashi ba. Fuskokin da suka wuni a murtuke suka soma washewa.

Lyle ya saki bango. Ƙirjinsa ya taso da kansa, ba ɗamara.

"To, ai na faɗa muku tun kaka," ya ce. "Na ce na gaba nawa ne. Likita, ba na riƙe ki a zuciya, kin yi dattako."

"Na gode, maƙwabci."

Alƙali ya juya wurin sakataren kulob ya ce a aika wa mai rubuta allo. Suna, Lyle Haskew. Lokaci, awa ɗaya da abin da agogo ya nuna a kai. Mota, motar asibiti.

"Dakata, Mai shari'a. Ardwick-Lowe za a rubuta."

"Al'ada ta ce motar da ta kawo mutum. Wace ce ta kawo ka?"

Lyle ya ce to a bar wurin motar ba komai. Aka ce allo ba ya hawa da giɓi. Ya ce a bar lokacin. Aka ce lokacin ne ma dalilin allon. Ya ce shi mutum ne mai kunya, ya yafe, a ba Likita. Opal ta ce Allah ya kiyaye ta ci haƙƙin maƙwabci, guminsa ne, kowa ya ga yadda ya zubo. Ya ce zai gina wa kulob sabon zaure, zai kashe garar gidan kowa kyauta har abada. Mai gidan jana'iza ya kawo shawarar a ƙara girman haruffa saboda masu raunin ido, aka amince baki ɗaya. Lyle ya nemi Corinne da ido, ya same ta hannunta a sama tare da na kowa.

Motar ta bar filin a tirelar da ta kawo ta, ta koma Ingila, wai gyara, kuma tawagar ba ta yi gaggawar dawo da ita ba. Allon kuwa ya hau cikin mako, fari tas, haruffa manya. Kwanar Haskew ba ta da wuya, amma duk baƙon da ya zo wurinta sai ya taka birki, don ya karanta da kyau.

Lyle bai sayar da gidansa ba. In ya yi baƙi yakan fito da su baranda, ya miƙa hannu can nesa inda allon yake ƙyalli, ya ce waccan kwanar sunansa ne a jiki, a rana ɗaya ya ci ta, ba wanda ya ko kusanto shi. In baƙon ya ce a je a gani kusa, sai ya ce nama zai huce.